Taubashi, Rataye Algaitar Nan

Gaisuwa daga Magarya zuwa Dungas, ga taubashina mai kumatu kamar an cusa goruba biyu. Ka ce ba ka aje algaita sai ranar da aka ɗauke ka a makara. To, saurara.

Ran nan a bikin Bande ina tsaye bayanka. Masu ganga sun ɗauka, mai kakaki ya amsa, aka zuba ido ana jiran ka. Ka cika baki da iska, jijiyoyin wuya suka miƙe, ido ya yi ja, sai ga wata ƙara kamar ɗan akuya ya maƙale a darni. Dokin ango bai ko motsa kunne ba. Wata tsohuwa ta manna maka dala ashirin a goshi, na ji da kunnena tana cewa: "A sai wa baba fura."

Da can kai ne mai jan numfashi ta hanci kana busa ta baki, sauti bai yankewa har mahaya su gama jahi. Yau tari ke raba maka baiti biyu. Haƙoran ma sun yi murabus sun bar ka. Raken Waca sai an yayyanka maka kamar na yaye.

Na san abin da za ka ce: Mamman Shata bai bar waƙa ba har kusa da rasuwarsa a 1999, Ɗan Maraya Jos ma yana tare da kuntiginsa har tsufa. Gaskiya ne. Sai dai kuntigi yatsa yake so, algaita kuwa huhu take ci, naka kuma ya zama tsohon zugazugi. Dungas kanta da ta girma, a 2011 aka raba ta da Magarya ta ci gashin kanta. Kai yaronka shekara nawa yana ɗaukar maka jaka? Gemu ya fito masa, a bayan gari yake ɓuya ya yi busa, kuma wallahi ya fi ka. Miƙa masa tun mutane na cewa "ina tsoho?", kada a kai ranar da za a ce "har yanzu tsohon nan ne?" Ganga in ta cika zaƙi fashewa take yi, taka kuwa zaƙin ma ya tafi.

Kada ka kumbura, kumatun sun gaji. Wasan nan namu tun 2014 UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya, saboda haka ba alƙalin da zai karɓi ƙararka.

Ka zauna gindin bedi da carbi, kana gyara wa yara kuskure da kai da ido. Ran Sallah kaɗai na yarda ka yi busa ɗaya, gajera, in ji ta in tuna kakanmu. Kuɗin sharan bara kuma har yau ban gani ba. In babu, turo algaitar. Matata na neman mazurari.