Jaririn da Ke Cikin Bargo

Da aka zo rabon aikin suna, na buga ƙirji na ce a bar mini fura da nono. Ina da hujja. Tun da daɗewa na karɓi kindirmo mai kyau wurin wata Bafulatana, na zuba a roba, na jefa firiza don ya zama iri. A lissafina, abin da ya daskare ba ya tsufa.

Daren jajibiri na dafa madara, na bari ta huce, na narkar da irin na juye, na rufe. Da asuba na buɗe tukunya: madara ce tsararo, ko tsami babu, tana kallona ina kallonta.

Na buga wa ƙanena waya, wanda ke karatun ƙananan halittu a jami'a. Sai da ya ƙoshi da dariya tukuna.

"Yaya, irin nan rayayye ne fa. Ƙwayoyin bakteriya ne ke cinye sukarin madara su mayar da shi tsami, tsamin ne ke sa ta yi kauri. Na yogot ɗin kanti guda biyu ne, Lactobacillus bulgaricus da Streptococcus thermophilus, kuma ɗumi suke so, digiri 40 zuwa 45. A firji, wajen digiri 4, barci suke yi, amma ba su daina ɗigo tsami a hankali ba, har tsamin nasu ya riƙa rage su in an daɗe."

Na ce ai ni ba firji na sa ba, firiza na sa.

"To nan ne makabarta. Ƙanƙara na fasa musu jiki. Sau ɗaya wasu kan tsira. Amma unguwarku da ake kawo wuta a ɗauke, ya daskare ya narke, ya sake daskarewa, kowane zagaye sai an yi jana'iza. Ka ba shi ɗumi, ko akwai sauran masu numfashi."

Ga shi hunturu ne. Na naɗe tukunyar da zanin mai jego, na ƙara bargo, na kwantar da ita a kan gado, har da filo don kada ta kife.

Ina tsakar gida ina sallamar masu kujeru sai na jiyo muryar gwaggon matata daga ɗaki, wadda ta iso daga ƙauye da sanyin safiya, idonta kuma ya fara rauni. Ta durƙusa gaban bargon tana shafa shi.

"Masha Allahu, ƙato ne! Ga haƙuri, ko motsi ba ya yi. Allah ya raya mana."

Na ce amin, don ni ma addu'ar da nake yi ke nan.

Bai rayu ba. Baƙi sun sha shayi mai kauri, wasu har kofi uku, Gwaggo kuwa har yau cewa take tagwaye aka haifa muka ɓoye ɗaya.