Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Alhaji Bashin Ƙasa

Takarda ta fito daga hannun talakanka, mazaunin Basawa a ƙaramar hukumar Sabon Gari, zuwa ga mai girma Alhaji Bashin Ƙasa, babban baƙo a kowane kasafin kuɗi, mai ɗibar kasonsa tun tukunya tana kan wuta. Gaisuwa mai yawa da ban girma. Da na tambayi lafiyarka, amma ɓata baki ne, duk wanda ya ga irin ƙibar da kake yi ya san ko ciwon kai ba ka yi.

Bayan haka, ranka ya daɗe, daren jiya taransifomar unguwarmu ta buga, ta yi tartsatsi, ta ce ga garinku nan. Da safe ko karyawa ban yi ba sai ga sallama a ƙofar gida. Samari biyu ne daga kwamitin unguwa, ɗaya riƙe da littafi, ɗaya da baƙar leda. Kowane gida zai kawo nasa na gyara. Da suka faɗi adadin sai dariya ta ƙwace mini, har yaran suka tsargu. Abin da ya ba ni dariya, kuɗin ya zo daidai da ɗan abin da ya ƙaru a albashina na watan nan saboda ragin harajin da aka yi mana. Na ƙirga na miƙa musu, aka ja jan biro a gaban sunana.

Na zauna ina tunanin wanda zan rubuta wa. Masu wuta za su ce babu kayan gyara a sito. Hukuma za ta ce babu kuɗi. Sai na ɗauki sawun wannan "babu kuɗi" na bi shi tun daga lungunmu, ya ratsa Samaru, ya haye Kwangila, ya miƙe Kaduna, ya zarce Abuja, bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar gidanka.

Ka dai san labarin ragin, tunda ba a ƙulla komai a Abuja ba da saninka ba. Ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan dokokin haraji guda huɗu, aka ce su fara aiki 1 ga Janairun 2026. Wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira dubu 800 ba, an ɗauke masa harajin albashi. Ƙananan kamfanoni ma an sauke musu nasu. Harajin VAT da aka so a ɗaga an bar shi a kashi 7.5, bayan doguwar taƙaddama da gwamnoni wadda ta ɗauki zafi tun taron da na Arewa suka yi da sarakuna a Kaduna cikin Oktoban 2024. Ita kanta hukumar tara harajin an raɗa mata sabon suna, daga FIRS ta koma NRS, ba tare da an yanka rago ba.

Ni ban ce ba a kyauta ba. Karɓar haraji daga hannun masinja da mai sharar ofis da ƙaramin malamin firamare dama can zalunci ne da aka buga wa hatimi. An kyauta. Tambayata ɗaya ce, kuma kai ne ka fi kowa sanin amsarta: wa zai cike gurbin?

Domin kai ba a rage maka komai ba. A tsakiyar 2015 kana naira tiriliyan 12 da 'yan kai. Tsakiyar 2023 ka kai 87. Ƙarshen Yunin 2025 ofishin kula da bashi na DMO ya ɗora ka a kan sikeli ya samu tiriliyan 152. In aka raba ka ga 'yan ƙasa kimanin miliyan 230, kowa zai tashi da fiye da naira dubu 600, har jaririn da aka haifa da asubar yau a asibitin Shika, wanda ko suna ba a raɗa masa ba. Na san abin da za ka ce, cewa wani ɓangaren kumburi ne ba ƙiba ba: naira ce ta faɗi daga 460 da wani abu zuwa wajen 1,500 a kan dala ɗaya, sai abin da ake bin mu da dala ya ninka a takarda. Gaskiya ka faɗa. Sai dai mu da nairar ake biyanmu, kuma ita ake tarawa a sayi dalar da za a kai maka. A kasafin 2025 na tiriliyan 54.99, kasonka kai kaɗai ya haura tiriliyan 14. A haɗa na ilimi da na lafiya wuri ɗaya, ba su kama ƙafarka ba. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ba su ce hanjin ya fi mai shi girma ba.

Yanzu bari in koma kan littafin nan na kwamiti, don shi ne ya hana ni sukuni.

Littafin makaranta ne irin na 'yan firamare, bangonsa ya yi laushi don shan hannu, an ja masa layi da rula. Na karɓa na buɗe. Shafin taransifoma na bana, shafin taransifoma na bara. Shafin famfon burtsatse da ya ƙone. Shafin kwalbatin da ruwan damina ya tafi da shi. Shafin 'yan sintiri, wannan kowane wata ne, ba fashi. Shafin tifar ƙasa da muka zuba a ramin kwana, wadda ruwan farko ya kwashe ya kai wa mutanen gangare sadaka. Duk aikin da aka kafa hukuma domin ta yi, ga shi nan cikin littafin yara, da jan biro. Wannan shi ne ainihin kasafin kuɗin unguwarmu, kuma ba a taɓa cin bashi a kansa ba.

Abin da ya fi ci mini rai, layi biyu na gani a jere. Na sama gidan wani bawan Allah ne mai bene da motoci a rumfa. Na ƙasa gidan tsohuwar da ke suyar ƙosai a bakin hanya ne, mijinta ya rasu, jikoki take riƙo. Adadi ɗaya aka rubuta musu. Ita ba ta taɓa karɓar albashi ba balle a rage mata harajinsa. Dokar Abuja ta wuce ta samanta ba ta ko san an yi ba. Amma wannan harajin na littafi ya san ƙofarta, kuma ba shi da sassauci, ba shi da kotun ɗaukaka ƙara. In ba ka biya ba a karanto sunanka bayan sallar isha'i, in ka ƙara kwana biyu a hau falwaya a sauke wayarka. Wace hukumar haraji ce a duniya take da irin wannan ƙarfi?

Kai Bashi, bari in ajiye "ranka ya daɗe" ɗin nan, don ran naka ya riga ya daɗe fiye da yadda muke so. Kai ne ka aiko yaran nan. Kuɗin da ya kamata ya sayi taransifoma kai ka karɓe a matsayin kuɗin ruwa, sannan ka zagayo ta bayan gida ka sa maƙwabcina ya zo ya karɓi na taransifomar a hannuna. An ba ni da dama a gaban 'yan jarida, ka karɓe da hagu a zaure. Mutanen Basawa nawa ne ma suke kan takardar albashi? Ka cire barikin soja da cibiyar binciken sinadarai da ma'aikatan jami'a, sauran manoma ne da 'yan acaɓa da masu keke da 'yan tireda da masu tura ruwa. Su abin da suka sani tikitin safe ne a tasha da na rumfa a kasuwar Samaru da ta Sabon Gari, da kuma farashin tiyar masara, wanda ba ya jin sanarwar gwamnati.

Iyayenmu suna ba da labarin murnar da aka yi a 1979 da Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kaduna, Rimi ma ya yi haka a Kano. Harajin nan ya wahalar da mutane, har gari ake bari saboda shi. To amma shi yana da fuska. Ka san dagacin da ya karɓa, ka san ranar, an ba ka rasit ka soke a jikin azara. Kana iya tsine masa da suna. Kai kuwa ba ka zuwa da fuskarka. Yau kai ne kuɗin wuta, gobe kai ne litar fetur da ba ta sake komawa inda take ba tun 29 ga Mayun 2023, jibi kai ne kashi 50 da aka yarda kamfanonin waya su ƙara a 2025, ga naira hamsin-hamsin da ake tsinke wa mutum in ya tura dubu goma. Akwai ma kashi 5 na man fetur da ke kwance cikin sabuwar dokar, an ce ba yanzu ba. Mun ji. Mun san yadda "ba yanzu ba" take ƙarewa.

Kada ka ce sharri nake maka, ga shaida daga gida. A watan Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya tsaya gaban jama'a ya ce ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85, ban da kwangiloli 115 da ba a kammala biya ba. Ya ce cikin naira biliyan 10 da jihar ta samu daga asusun tarayya a watan, biliyan 7 wajenka suka tafi. Bakwai cikin goma! Sauran ukun ne za a yi albashi da asibiti da makaranta da hanyar ƙauye. Ƙanenka na jiha ke nan, ko kai babban ba a taɓo ba.

Masu dokar suna da amsa, kuma ba amsar banza ba ce. Sun ce Najeriya ba ta tara harajin da ya wuce kashi 10 zuwa 11 na arzikin da take samarwa, suna son ya kai 18. Sun ce in aka saki ƙananan kifaye aka gyara komar, manyan da suka saba sulalewa za su shigo hannu, shi ya sa aka ɗaga harajin masu samun fiye da miliyan 50 a shekara zuwa kashi 25. Allah ya sa. Sai dai ragin an riga an yi shi, kuɗin ruwanka yana da ranar biya wadda ba ta motsi, shi kuwa sabon kuɗin shigar har yanzu a bakin "za a" yake. In "za a" ta makara, wa za a kira? Kai. A sake cin wani a biya na baya.

An gwada a wasu wurare, ba sai an je duba ba. A ƙarshen 2019 Shugaba Gotabaya Rajapaksa na Sri Lanka ya zabge VAT daga kashi 15 zuwa 8, ya rage wasu harajin da dama, alhali bashi ya kai wa ƙasar wuya. An yi masa tafi. Zuwa Afrilun 2022 ƙasar ta ce ba za ta iya biyan bashin waje ba, fetur da magani suka ɓace, a watan Yuli jama'a suka cika fadarsa har suna wanka a tafkin gidan, shi kuwa ya tsere a jirgi. A Birtaniya ma gwamnatin Liz Truss ta sanar da ragin haraji na fam biliyan 45 a Satumban 2022 ba tare da ta nuna inda za a cike ba. Ita Truss ɗin ba ta cika kwana 50 a kan kujera ba. Can ka nuna musu halinka a fili. Mu nan lallaɓa mu kake yi, gida-gida.

Kuma abin haushin, an taɓa raka ka har bakin gari. A 2005, zamanin Obasanjo da Ngozi Okonjo-Iweala, ƙungiyar masu ba da rance ta Paris ta yafe dala biliyan 18, Najeriya ta biya biliyan 12 da ɗoriya, aka rufe littafin a 2006. Muka ce Allah ya raka taki gona. Ashe kewayawa ka yi ka canza riga.

Magidancin da mai shago ya cika littafi biyu da sunansa, in ya tara 'yan haya ya ce ya rage musu kuɗin ɗaki, za a yi masa godiya, amma mai hankali zai leƙa barga ya ga ko ya sayar da dokin hawan sallah. Mu mun leƙa. A 2023 an saya wa 'yan majalisar tarayya sababbin motocin alfarma. A 2024 an buɗe sabon gidan mataimakin shugaban ƙasa na naira biliyan 21, an kuma kawo sabon jirgin shugaban ƙasa. Dokin yana nan, har an ƙaro masa ɗan'uwa.

Saboda haka, Alhaji (ka ga na huce, na maido maka da rawaninka), ga matsayina. Abin da aka rage wa ƙaramin ma'aikaci da mai ƙaramar sana'a a bar musu, ba shi ne zai karya ƙasa ba. Amma ƙofar da dokar ta bari ta sauke wa manyan kamfanoni haraji daga kashi 30 zuwa 25, a bar ta a rufe sai ranar da kasonka a kasafi ya fara raguwa. Masu samun rangwame da yafiya a ɓoye a karanto sunayensu, yadda ake karanto namu bayan isha'i. Kuma tunda duk takardar neman sabon rance ta hannun majalisa take bi, in ka haɗu da wakilanmu na Zazzau a can, ka ce mutanen Basawa suna roƙo: kafin su ɗaga hannu su amince da wani, su zo gida su faɗa mana da Hausa abin da za a yi da shi, da shekarar da za a gama biya, da wanda zai biya.

Wasalam.

Naka, ba don yana so ba,
Wani mai biyan haraji biyu a Basawa