Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Tauraron NigComSat-1R

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana nan ƙalau a mazauninka, kilomita 35,786 sama da kawunanmu. Ina gajiya? Yaya fama da rana?

Maƙasudin wannan takarda shi ne maganar ritayarka. Ranar 19 ga Disamba 2011 roka ƙirar Long March 3B ta ɗauke ka daga Xichang ta ƙasar Sin, kuma shekara 15 aka rubuta a takardar ɗaukarka aiki. Ko ɗan firamare ya san 2026 lissafin ya faɗa. A nan ƙasa ma'aikacin gwamnati shekara 35 yake yi, wani ma in wa'adi ya matso sai ya garzaya kotu ya rantse a rage masa shekarun haihuwa. Kai kuwa babu rantsuwar da za ta cece ka, domin shekarunka a cikin tankin mai suke. Wata na jan ka, rana na jan ka, kullum sai ka ɗan zame daga gurbinka na digiri 42.5 gabas. Dole injiniyoyi su riƙa kunna 'yan ƙananan injinanka suna mai da kai, kuma kowace tunkuɗa mai take sha. Ga shi unguwarku babu gidan mai, balle 'yan bumburutu.

Yabon gwani ya zama dole. Kana sheƙa gudun kusan kilomita 11,000 a sa'a, daidai da juyawar duniya, don kawai mu gan ka a tsaye wuri guda. Shi ya sa mai saita dish yake hawa rufin kwano sau ɗaya tak, yana murza faranti a hankali yana ƙwala kira, "Ya kawo?", yara a falo na amsawa, "Tsaya nan! A'a, ɗan koma baya!" Da ya ɗaure noti an gama. Na'urori 28 ne a cikinka, suna karɓar sigina daga ƙasa, su ƙara mata ƙarfi, su sake watso ta. A watannin Maris da Satumba kuma, in inuwar duniya ta rufe ka, wani lokacin fiye da sa'a guda, sai ka koma kan batir, ba mu taɓa jin ka ce an ɗauke wuta ba.

Ba mu manta da yayanka NigComSat-1 ba, wanda ya tafi a Mayun 2007, fikafikansa na sola suka ci amanarsa a Nuwamban 2008. Wata 18 kacal ya yi a ofis. Kai ne ka share mana hawaye.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙa'idar gidanku. Tauraro ba ya jira mai ya ƙare ƙaf. Yakan ajiye na ƙarshe, ya haura kimanin kilomita 300 sama, ya kashe na'urorinsa, ya bar kujera ga na baya. Ba fansho, ba giratuti, ba ya kuma turo ɗansa a naɗa a madadinsa. Don Allah kafin ka haura, ka watso wannan darasi kai tsaye ta dukkan na'urorin nan 28, ko Allah zai sa wasu manya suna gaban talabijin.

Roƙona na ƙarshe, ka daure ka riƙa tsimin mai. Ƙera magajinka kan ci shekara uku ko kusa da haka, ban da shekarun da fayil zai yi yana yawo daga tebur zuwa tebur. Mu kuma ka san halinmu, sai ranar wanka muke neman soso.

Ka huta lafiya.

Naka,
Wani mai dish a kan rufi