'Yan Sabo a Dajin Tsuntsaye

A Sabon Ibadan, nan gindin tudun Mokola, in ka ce za ka kallon tsuntsu, tambayar farko ita ce, "Nawa ake biya?" Ka ce kyauta ne, sai a dube ka da tausayi. Unguwa ce da goro da shanu suka raya tun 1916, yau kuma canji da tsire ke riƙe da ita, ba a saba ganin lafiyayyen magidanci ya yi sammako don ya ɗaga kai sama a banza ba. Duk da haka akan samu masu bin ayari zuwa dajin cibiyar binciken noma ta IITA da ke Idi-Ose, inda aka ƙirga tsuntsaye sama da iri 200, ko bakin ruwan Eleyele. Kowa kuwa da abin da ya kai shi.

Ɗan canji bai zo don tsuntsu ba. Ka miƙa masa madubin hangen nesa, sai ya juya shi ya duba ƙasar da ta ƙera, ya buga kuɗinsa a farashin dala na yau. Daidai lokacin da zalɓe ya gama laɓe zai cafki kifi, wayarsa za ta ɗauki ƙara: "Alhaji, nawa ce a hannunka?" Shi ke nan, bakin ruwa ya watse.

Maci ya raba halittar Allah gida biyu, wadda ake ci da wadda ba a ci. Fakara ta gifta, ya haɗiye yawu.

Sai mutumin Nguru, wanda ba a burge shi. Nuna masa balbela goma a kan reshe, zai taɓe baki ya ce, "Wannan ne tsuntsu? Ku zo Dagona da hunturu, lokacin da baƙi ke saukowa daga Turai, ku ga dinya da kirinjijiya sun rufe ruwa." Daga nan sai labarin zuwan Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, Dagona a 1989, kai ka ce shi ya riƙe masa laima. Gaskiya yake faɗa, fadamun Haɗejiya da Nguru ba sa'ar Eleyele ba ne, kuma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Sai dai bawan Allahn nan rabonsa da gida tun kafin a haifi ɗansa na fari, wanda yanzu shi ke tuƙo mu.

Baba mai camfi ba ya son a ambaci mujiya ko da rana tsaka. Shi ne kuma ya taɓa tsayar da ayari a lambun Agodi ana gardamar ko jemage tsuntsu ne, har aka kira azahar ba a rabu ba.

Wanda ya fi gajiyar da mu shi ne Malam mai littafi. Akwai wani tsuntsu baƙi mai jan kai da jan ƙirji da ke ɗauke da sunan garin, malimben Ibadan, wanda John Elgood, malami a jami'ar Ibadan, ya bayyana wa masana a 1958. Ba a samunsa ko'ina a duniya sai kudu maso yammacin Najeriya, kuma saran daji ya sa ya kusa ƙarewa. Ƙwararru kan shekara ba su sa shi a ido ba, amma Malam yana ganinsa kowace fita, wani lokacin sau biyu kafin karin kumallo. 'Yan uwan tsuntsun masu kama da shi suna nan a dajin, ka ce masa ɗayansu ne, sai ya rufe littafi ya daina yi maka magana har Mokola.

Mai tattabara shi kaɗai ke gane tsuntsu daga yadda yake kaɗa fiffike, don kullum idonsa na sama yana tsaron shirwa. Da ƙyar yake zuwa, ya ce nasa na jiran hatsi. In ka samu ya yarda ya biyo ku, ka tsaya kusa da shi, ka bar Malam da littafinsa.