Gidan da Ba Zaure

A gidanmu ana ce mini injiniya, don kawai ni nake saita rimot idan ya rikice. Wannan sunan shi ya ja mini.

Kwamfutata 'yar gwanjo ce, kuma tsufa ya kai ta inda idan na kunna ta sai in yi alwala, in yi sallah, in dawo in tarar tana miƙa. Aka ba ni shawara in cire tsohon rumbunta mai juyawa in sa SSD, wanda ba abin da ke motsi a cikinsa. Na je Beirut Road na sayo mai gigabait 256. Mai shagon ya ce, "Alhaji, a ɗora maka?" Na yi masa kallon da likita ke yi wa mai tallan maganin basir da lasifika, na ce zan yi da kaina.

Daren Juma'a na zauna da Clonezilla, manhajar da ke ɗaukar kwafin rumbu ta adana shi a wani wuri. Sai ta nuna mini ashe rumbun nawa ɗaki-ɗaki ne. Ga babban nan, mai Windows da takarduna da hotunan sunan Ummi. Ga kuma wani ɗan tsurut, megabait 100, wanda tunda nake ban taɓa ganinsa ba. Na ce wannan shara ce da Baturen da ya fara amfani da ita ya bari, ba za ta bi ni sabon gida ba. Na kwafi babban, na zuba shi a sabon rumbu. Tsohon kuwa, don tsabar ƙwarewa, na goge shi tas tun kafin in gwada sabon.

Na yi bisimilla na danna. Allo baƙi ƙirin, sai layi ɗaya na Turanci, wai ba ta ga inda za ta tashi ba.

Na kashe na kunna. Na cire batir na hura masa iska. Na shiga BIOS na juya duk abin da ke juyuwa, har na mai da ita tsohon tsarin nan da ke neman umarnin tashi a bait 512 na farkon rumbu. Nan ma ta leƙa ba kowa, ta dai sauya kalaman zagin. Wajen ƙarfe biyun dare maiɗakina ta ɗago kai ta ce, "Baban Ummi, hotunan sunan suna nan dai ko?" Na ce suna nan. Ban yi ƙarya ba. Suna nan kamar yadda kuɗin da ka ba ɗan'uwa bashi suke nan.

Da safe na haɗiye girmana na kira ɗan yayata, yaron da ni na koya masa riƙe linzamin kwamfuta. Ya duba, ya yi shiru irin na mai danne dariya a gaban surukai.

"Kawu, ina ɗan ƙaramin?"

Na ce wanne?

Ya ce shi ne zauren gidan. Kwamfutocin yanzu masu UEFI, da an kunna su can suke fara yin sallama, ɗan fayil ɗin da ke ciki shi ke shiga ya ce wai ana kiran Windows. Ni kuma na kwaso gado da kujeru da tukwane, na rushe zauren, baƙuwa tana tsaye a waje tana ta rafka sallama.

Ya mai da BIOS yadda take, ya sa filashar Windows, ya danna Shift da F10, ya shiga diskpart. Ya yanko megabait 100 daga gefen babban ɗakin, ya tsara shi a FAT32, ya rubuta bcdboot da 'yan haruffa. Shayin da aka kawo masa ko hucewa bai yi ba ta tashi, Ummi tana murmushi a allo.

Na ce ai dama abin da nake shirin yi ke nan. Ya ce, "Haka ne, Kawu."

Sai bayan kwana uku na lura ya raɗa wa zauren suna. FAT32 gurbi 11 kacal yake bayarwa na suna, yaron ya cinye su ba ragi: KAR KA TABA.