Wasiƙa daga inda ƙasa ke cin wuta

Palangka Raya,
Tsibirin Borniyo, Indunusiya.

Zuwa ga taubashina, sarkin dashen hoto na ƙasar Daura,

Ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da amarya da yara, da kuma jar akuyar nan taka da ta hana kowane icce sakat a unguwarmu.

Hotonka ya iso ta WhatsApp. Ga ka nan tsugune cikin babbar riga, hula a karkace, ka riƙe dashen mangwaro kamar jariri ranar suna. Na nuna wa abokan aikina, suka yaba, sannan suka ce yanzu tsawon iccen nawa? Na ce su dakata in tambayi akuya, don ita ta yi masa awon ƙarshe.

Ka ce in gaya maka abin da nake yi a nan. To, buɗe kunne. Ƙasar wurin nan ba irin jigawarmu ba ce. Ganye ne da rassa da saiwoyi suka yi dubban shekaru suna zuba cikin ruwa ba su gama ruɓewa ba, har suka taru suka zama ƙasa. Mutanen nan suna ce mata gambut, kuma a wasu wurare zurfinta ya haura mita 10. In ka taka sai ta lotsa kamar katifa. Ruwanta jajawur ne kamar shayin da ba madara, ga tsami. Da kai ne, na san da burodi za ka iso bakin kogi.

A 1996, zamanin mulkin Suharto, aka tashi mayar da kimanin hekta miliyan 1 na wannan fadama gonar shinkafa. Aka sare daji, aka haƙa magudanai masu tsawon fiye da kilomita 4,000. Ruwa ya tsiyaye, shinkafa ta ƙi, ƙasa ta bushe ta koma makamashi. Wutarta irin ta ƙaiƙayi ce, tana ci ta ƙarƙashi makonni ana ganin hayaƙi kawai. An yi babbar gobara a 1997, aka sake yi a 2015, wadda ta cinye kusan hekta miliyan 2.6 a faɗin Indunusiya, hayaƙinta ya turnuƙe har Maleshiya da Singafo. Shi ya sa a 2016 Shugaba Joko Widodo ya kafa hukumar farfaɗo da irin wannan ƙasa.

Abin da ya fi burge ni, ba a farawa da dashe. Sai an datse magudanan nan da turakun icce da buhunan ƙasa, ruwa ya dawo sama, don doka ta ce kada ya yi nisa da fuskar ƙasa fiye da santimita 40. Sannan a ɗauko itatuwan da suka san wurin tun kaka da kakanni, irin su balangeran da jelutung. Ana renon su watanni cikin leda a inuwa, daga baya a riƙa rage musu inuwar da ruwan don su saba da wuya. Ranar dashe a loda su a kwalekwale, inda kwalekwale ya tsaya a goya su a baya. Inda ruwa ke kwanciya, a yi wa kowane tsibi kamar na doya.

Duk da haka mutuwa suke yi da yawa. Da damina ruwa ya shanye kansu su ruɓe. Da rani rana ta gasa su. Ga wata ciyawa mai yaɗo, kelakai, da ke hawa kansu ta danne. Mutanen nan dafa ta suke yi su ci, mu kuma da adda muke bin ta. In wuta ta biyo, aikin shekara uku ya tafi a yini ɗaya.

Saboda haka kowane dashe da lambarsa a rataye, kuma muna komawa mu auna tsawonsa da kaurinsa mu rubuta. Akwai wani dattijo ɗan ƙabilar Dayak ta nan da nake bi. In ya tarar da dashe ya zubar da ganye, ba ya saurin yanke masa hukunci. Sai ya durƙusa cikin taɓo, ya kankare ɓawon da farce. In kore ya leƙo, ya yi murmushi, ya share ciyawar da ke gindin, ya gyara tsibin da hannu. A wurinsa na gane cewa haihuwa ba ta kai reno wuya ba.

Duk wannan, gida nake tunawa. Su ruwa ne ya yi musu yawa, mu ƙishirwa da iska da awaki ne ke kashe mana namu, amma maganin ɗaya ne, wato komawa gindin abin da ka dasa. Jihar Katsina na cikin jihohi 11 da shirin katangar itatuwa ta Afirka ya ratsa, kuma duk damina ana raba dashe. Rabawa da dasawa ba su ne ƙarshen aiki ba, don a watan Afrilu ake sanin na ƙwarai. Ko macijin Kusugu yakan bar mutanen Daurama su ɗebi ruwa ranar Juma'a, kai kuwa ko Juma'ar ba ka ba mangwaronka ba.

Ba sai ka zo Borniyo za ka ga misali ba. Ka tsallaka Kongolam ka nufi Matamaye, ka dubi gawo cikin gonaki. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suke sassaben zamani, suna barin tohon kututture su rage masa rassa ya tashi. An ƙiyasta sun dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5, galibi ba da leda ba, ba da hoto ba.

Ga roƙona. A gonarmu ta hanyar Zango, bana kada a tumɓuke tohon gawo da kalgo. In damina ta zauna ka dasa goma kacal, bedi da tsamiya da kuka. Ka kewaye kowane da ƙayar magarya, ka binne tulu a gefensa ka riƙa cikawa har bazara ta wuce. Duk wanda na tarar da ransa, na yafe maka kuɗin sharar shekara guda cikin waɗanda nake bin ka.

Ka gaida Hajiya, ka ce ina neman addu'a. Ka ɗaure akuya, ka ba icce ruwa. Allah Ya sa mu sha inuwarsu tare, jikokinmu su gaje ta.

Ka huta lafiya.

Naka har kullum,
Taubashinka na Indunusiya.