Zuwa ga bawana Bakatsine, mai waya uku ba ya ɗaga ko ɗaya

Gaisuwa irin ta ubangida ga bawansa. Labari ya iso mana har bakin kogin Haɗeja cewa wani yaro mai ɗaure da taye ya je shagonka a Ƙanƙara yana tallar tsarin wayar kamfani, wai za a haɗa maka duk saƙonninka a akwati guda. Ka yi ta gyaɗa kai, ka ce sai ka yi shawara. Mun san irin wannan shawarar. Ba ka gane ba ne, kunyar nan taku ta Katsinawa ta hana ka tambaya. To gyara zama, yau Bahaɗeje zai koyar da kai, kuma kyauta.

Idan aka kira ba ka ɗaga ba, na'ura ce za ta amsa da muryarka, mai kira ya faɗi buƙatarsa, ta ajiye har ka waiwaye ta. A manyan ofisoshin Legas da Abuja abin ya wuce nan: saƙon murya da tes da imel, har da faks ga masu tsohon yayi, duk wuri ɗaya suke faɗawa, wasu na'urorin ma su mayar da maganar rubutu. Kafin a kai gare ka kuma sai wata murya ta ce a danna ɗaya don sashen sayarwa, a danna biyu don sashen kuɗi. A wurinka sashen sayarwa kai ne, sashen kuɗi kuwa aljihun gaban rigarka ne, shi kuma ban ga lambar da za a danna ya buɗe ba.

Ban ga laifinka ba da ka ƙi akwatin saƙon murya. Tun 2001 da wayar salula ta shigo Najeriya yake nan, amma bai karɓu a wurinmu ba. Da zarar na'urar ta ɗauka an fara cin katin mai kira, kamar da mutum yake magana. Wanda ya ƙware a filashin, ya katse tun kafin ƙara ta biyu, yaushe zai biya kuɗi don ya yi hira da ƙarfe? Ga kuma gaisuwa. Ka ce ina kwana, shiru. Ina gajiya, shiru. Yaya iyali, yaya kasuwa, yaya ruwa, babu mai cewa lafiya lau. Kafin ka iso kan farashin masara lokaci ya cika.

Da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, sai ka zama gwani. Boyis ɗinka na ƙarshe minti bakwai ne. Huɗu gaisuwa, ɗaya kana faɗa da yaron da ya zubar da waken suya, injin niƙa yana ta kuka a bayanka, ɗaya kana ba ni labarin ruwan da aka yi a Faskari. A minti na bakwai ka ce, "Batun kuɗin nan kuwa," sai boyis ya yanke. Ka kuma kashe alamar nan shuɗiya, don kada in san ka saurari nawa.

Abin da yaron mai taye bai sani ba, kana da naka tsarin tun tuni, kuma tuwo kawai yake ci. Yaron shagonka ne. Shi ke riƙe da wayoyin uku, shi ke tace kira. Mai son saye ya bugo, Alhaji na nan. Mai bin bashi ya bugo, Alhaji ya tafi Sheme. Na taɓa kira da hantsi aka ce kana masallaci, na ce lallai walahar Katsinawa doguwa ce. Na'ura ba ta iya wannan ba. Ita za ta rubuta rana da awa da minti, ta ajiye muryata ina ambaton buhu nawa ne da ranar da ka yi alkawari. Wato shaida za ka sayo da kuɗinka, ka kafa a kanka.

Wuri ɗaya zan sara muku, ba da wasa ba. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda 'yan bindiga, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Funtuwa da Ɗandume. Kafin nan an hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, an dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama. Da aka katse layukan, masu POS suka rufe, ba alat, ba kira. Amma fatauci bai mutu ba. Direban tasha ya koma akwatin saƙo: wasiƙa a aljihu, kuɗi a ƙarƙashin kujera, saƙon baki a ka, ya kuma dawo da amsa. Wasu har mota suke shiga zuwa inda ake samun sabis don kira ɗaya tak. Kun sha wuya, Allah ya kawo ƙarshen fitinar baki ɗaya.

Sai dai sabis ya dawo shekaru ke nan, kai kaɗai ne labarin bai riska ba. Har gobe idan na kama ka sai ka ce, "Ai ka san halin da muke ciki, babu sabis," alhali da daddare na gan ka a kan layi kana tura hoton sabon babur.

Shawarata, kada ka sayi komai a hannun yaron nan mai taye. Kuɗin da za ka ba shi ka turo mini, a rage daga kuɗin riɗina da ya kwana biyu a wurinka. Ranar Juma'a bayan an sauko zan kira. Ka karɓe wayar daga hannun yaron shago, ka ɗaga da kanka.